Misin ɗin safe daban, na rana daban: yadda aka gano ciwon wata 4Runner 'yar Kwatano

Motar Toyota 4Runner ce samfurin 2005, otomatik, mai jan ƙafa huɗu, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano. Mai ita ɗan kasuwa ne a Dawanau, yana bin kasuwannin ƙauye na Jigawa sayen riɗi da zoɓorodo, daga Gumel da Maigatari har ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Ba shi ne farkon wanda ya hau ta a Najeriya ba, wani ya riga ya more ta shekaru kafin ta zo hannunsa. Kuma da sanyin hunturu ya saye ta, lokacin da mota mai ciwon zafi ba ta tona asirin kanta. Sai da bazara ta kama, zafin Afrilu ya haura digiri 40, sannan ta fito da halinta.

Injin da ke cikinta shi ne 1GR-FE, mai silinda shida a jeri biyu, lita 4. Shi ne dai a wasu Prado da Hilux da FJ Cruiser. Gangar jikinsa da kawunansa biyu duk alminiyon ne, kowace silinda da koyil ɗinta mai ba ta wuta a kan fulogi, fankarsa kuma ba ta lantarki ba ce, fambel ke juya ta. Silinda 1, 3 da 5 suna ɓangaren mai zaman banza, 2, 4 da 6 suna ɓangaren direba, ta 6 ce can ƙurya kusa da gilashi. Inji ne mai juriya, amma alminiyon ba ya yafe tafasa.

Ƙorafin da Alhaji, mai motar, ya zo da shi guda ɗaya ne. In an yi tafiyar awa ɗaya ko fiye da rana, musamman a yashi da AC a kunne, sai mota ta fara fizga, ƙarfinta ya mutu, fitilar cek ta riƙa ƙyaftawa, daga baya allurar zafi ta ɗaga. In an tsaya ƙarƙashin bishiya an buɗe bonet ta sha iska, sai ta koma lafiya lau. Kafin ta iso garejin da aka warware matsalar, an riga an canza fulogi sau biyu, an wanke nozul, an sa sabon famfon mai, har wani ya ce birenbos, wato kwamfutar motar, ce ta taɓu. Duk wanda ya taɓa ta yana da hujja, domin kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya kawo misin, wato silinda ta riƙa kasa ƙona mai a lokacin bugunta. Abin da ba wanda ya yi shi ne tambayar direba yaushe ne takamaimai take yi.

Babban bakaniken garejin, dattijo ne da yaransa ke kira Baba, ya bar Alhaji yana waya ya ja direban gefe.

"Ɗana, da safe in ka tayar da ita, yaya take?"

"Ai Baba tana ɗan rawa, kamar rabin minti haka, sai ta daidaita. Sanyin safiya ne kawai."

"Ruwa fa? Kana ƙara mata?"

"Kwana uku zuwa huɗu nakan zuba fiya wata biyu. Amma ba ta ɗiga a ƙasa, na duba."

Waɗannan amsoshi biyu su suka juya aikin. Mota mai nozul da kwamfuta ba ta rawar sanyin safiya a Kano cikin Afrilu. Ruwan da ke raguwa lita guda cikin 'yan kwanaki ba tare da ya bar alama a ƙasa ba kuwa, wani wuri yake zuwa. Direban bai ɓoye ba, a ganinsa dai wannan halin tsohuwar mota ne da bai kai a faɗa wa maigida ba.

Abin da na'ura ta nuna

An jona na'urar karanta kwamfutar mota, ta fito da lambobi uku: P0300, wato misin a silinda fiye da ɗaya, sai P0303 da P0306, silinda ta 3 da ta 6. A nan ne da yawa ke yanke hukunci, su sayi koyil biyu su goge lambobin su karɓi kuɗi. Lambar ba ta cewa koyil ya mutu. Iyakar abin da take cewa shi ne kwamfuta ta lura da cewa duk sa'ad da lokacin bugun wannan silinda ya zo, gudun karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, yana ɗan ragewa. Wuta ce ba ta zo ba, ko mai ne, ko matsi ne ya tsere, wannan sai mai sifana ya nemo.

Aka kwanar da motar a gareji. Da sassafe, na'ura na jone tana ƙirga misin ɗin kowace silinda, aka tayar. Silinda ta 6 ita kaɗai ta riƙa ƙirga, ta yi kusan daƙiƙa 30 ta tsaya cak. Ta 3 ko sau ɗaya. Salansa ta fitar da ɗan farin tururi mai ƙamshin zaƙi-zaƙi, ya ɓace. Da azahar aka fita da ita hanyar Gumel, aka sauka kan yashi. Sai da zafin ruwa ya haura 100 a na'ura, direba ya taka totur, sannan silinda ta 3 ta fara ƙirga ba ƙaƙƙautawa, ta 6 kuwa shiru.

Wato ciwo biyu ne suke amsa suna ɗaya. Ɗaya na zuwa da sanyi ya tafi da zafi, ɗayan na zuwa da zafi ya tafi da sanyi. Ga kuma wani abu da tafiyar ta nuna: lokacin da na'ura ke cewa 104, allurar dashbod tana zaune daram a tsakiya. Haka aka yi ta. Tana tsayawa wuri ɗaya daga 80 da ɗoriya har zafi ya wuce 100, don kada direba ya riƙa firgita. In ka ga ta ɗaga, an jima da shiga matsala. Wannan mota ta daɗe tana aiki cikin zafin da ya wuce ƙa'ida ba wanda ya sani.

Misin ɗin rana bai ba da wahala ba. An musanya koyil na 3 da na 1, aka sake fita, misin ya bi koyil ya koma silinda ta 1. Da aka zare shi aka duba robar da ke sauka kan fulogi, ga farin layi siriri inda wuta ke tserewa. Cikin koyil siraran wayoyi ne da aka naɗe aka rufe da abin da ke hana wuta tsallakawa. In ya tsufa yakan tsage, zafi ya buɗa tsagar, sannan a lokacin da inji ke jan nauyi, matsin cikin silinda ya ƙaru, wuta na buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ta tsallaka bakin fulogi, sai ta bi hanya mafi sauƙi ta gefe. Fulogin da aka sa mata sun ƙara dagula lamarin. Kwalinsu na Denso ne, amma jabu ne, bakinsu ya riga ya cinye ya buɗe fiye da milimita 1.1 da injin ke so. Duk yadda baki ya ƙara faɗi, haka koyil ke ƙara wahala. Koyil ɗaya aka saya, da fulogi shida na gaske.

An yi wa ta 6 irin wannan gwaji, aka kai koyil ɗinta da fuloginta silinda ta 2. Washegari da safe misin yana nan a 6 bai motsa ba.

Me ke dafa injin?

Baba ya ƙi taɓa silinda ta 6 sai an gano dalilin zafin, kuma ina ganin a nan ne gwanintarsa take. Da ya buɗe inji ya gyara abin da zafi ya ɓata ya bar abin da ke kawo zafin, da kafin damina Alhaji ya dawo.

Alamar farko ta fito tun a hanyar Gumel. A kan kwalta ana gudun kilomita 90 zuwa 100, zafi na sauka. Da an shiga yashi ana tafiyar hawainiya, sai ya fara hawa. Motar da ke sanyi a guje ta yi zafi in ana tafiya a hankali, iska ce ba ta samu, domin a guje iskar hanya ke yi wa fanka aikinta. Fankar wannan inji tana da kuloci a tsakiya mai wani mai kauri a ciki, da ɗan naɗaɗɗen ƙarfe a fuskarsa da ke jin zafin iskar da ta ratso lagireto. In iska ta yi zafi, ƙarfen ya juya, man ya shiga, fanka ta kama da ƙarfi har ka ji gurnaninta. An kashe injin yana tsananin zafi aka tura fankar da yatsa, ta yi ta wulwulawa ba mai riƙe ta. Fuskar kulocin duk ta yi baƙin danƙo, man ya daɗe da tsiyayewa. Sannan robar da ke kewaye fanka, wadda ke tilasta mata jan iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe, rabinta na ƙasa ya karye an yar.

Da aka zare lagireto, tsakaninsa da kwandensar AC an tarar da ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa da ƙurar hunturu sun dunƙule sun toshe kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskarsa. Daga waje ba a gani, mai wankin mota kuma ruwansa ba ya kaiwa can. Cikinsa ma ba daɗi. Shekarun ruwan burtsatse da na rijiya sun bar farin gishiri a siraran bututun, wasu sun toshe gaba ɗaya. Murfin lagireton, wanda ya kamata ya riƙe matsi har kusan 1.1 a ma'aunin bar, robarsa ta tsattsage ba ya riƙe komai. Mutane na raina murfin nan. Zallar ruwa a buɗe yana tafasa a 100, a tsayin Kano ma ƙasa da haka kaɗan. A ƙarƙashin matsin murfi mai kyau sai ya kai wajen 120 kafin ya tafasa. Motar da ke kai 104 da zallar ruwa da mataccen murfi, ruwanta na tafasa a lungunan kan inji inda wuta ta fi ƙarfi, kuma inda tururi ya zauna, ƙarfe ba ya samun sanyi ko da allura na cewa lafiya.

Sai tamostat. A wannan inji yana haɗe da bututun da ruwa ke shiga, ba a zare shi shi kaɗai. Wani ya sa filaya ya fasa cikinsa ya mayar da kwankon. Al'ada ce da ta zama ruwan dare a garejojinmu: mota ta sauka daga jirgi, a ce tamostat na ƙasar sanyi ne, a cire. Amma wannan inji da tamostat ɗinsa yake aiki a Saudiyya da Dubai, inda zafinsu bai gaza namu ba. Aikinsa biyu ne. Yana tsare ruwa har inji ya kai wajen digiri 82 kafin ya buɗe, kuma yayin da yake buɗewa yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba. In ka fasa shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa zagayawa cikin inji bai taɓa ganin lagireto ba. Da safe injin ya daɗe bai ɗumama ba yana shan mai, da rana kuma a yashi sanyayawarsa ta ragu. An yi asara ta gaba da ta baya.

Direban ya kawo shawarar a yi wa fanka walda ta zama dairek, kamar yadda ake yi wa motocin haya. Baba ya ce a'a. Fankar da aka ɗaure tana bin gudun inji ko da ya kai juyi dubu huɗu a minti, tana cin ƙarfi da mai, tana wahalar da boris ɗin wata-famfo, kuma fukafukanta na roba ba a yi su don wannan gudu ba. In ɗaya ya fita, lagireto zai nufa.

Akwai kuma hannun direba a ciki. Yana shiga yashi da giyar D, tayoyi cike tam da iskar kwalta. A haka giyar otomatik ke ta santsi a cikinta, manta ya yi zafi, kuma man giya a cikin tankin lagireto ake sanyaya shi. Zafin giya na ƙarewa a ruwan inji. Ga kwamfuta kuma, da ta ji inji ya fara ƙwanƙwasa saboda zafi sai ta jinkirta wuta, ƙarfi ya ragu, direba ya ƙara takawa. An nuna masa ya riƙa sa L4, giyar ƙarfi ta ƙafa huɗu, ya rage iskar taya in yashi ya yi zurfi.

Silinda ta 6

Baba ya zargi gasket, faifan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, amma Alhaji bai yarda ba. Ya zaro sandar baƙin mai ya nuna: "Malam, dubi man nan, tas yake. Gasket in ya ƙone ai mai yakan koma kamar shayi mai madara." Yana da gaskiya rabi. Hakan na faruwa in yoyon ya haɗa hanyar ruwa da ta mai. In tsakanin hanyar ruwa da cikin silinda ne, mai ba ya sanin abin da ake ciki.

Gwaje-gwajen farko ma sun goyi bayansa. An auna matsin silinda shida, duka sun wuce 170 a ma'aunin psi, alhali ƙa'idar injin ita ce kada ya gaza 145, kada kuma bambanci tsakanin silinda ya wuce 15. Ta 6 ba ta bambanta da 'yan uwanta ba. An ɗora kwalbar shuɗin ruwan nan a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya in hayaƙin inji na shiga ruwa, bai canza ba. Ƙaramin yoyo yakan tsallake gwajin biyu, domin da ƙarfe ya yi zafi ya kumbura sai ya danne ƙofar.

Abin da ya kama shi gwaji ne mai arha da ke buƙatar haƙuri kawai. Da yamma, inji ya huce, aka cire fulogi shida, aka ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto aka hura matsi daidai na murfi, aka bar shi ya kwana. Da safe allurar famfon ta sauka, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa ko a jikin tiyo. Aka zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi. Kan fistin biyar baƙi ne da tsohon hayaƙi, yadda ya kamata. Na 6 fari sol, tururi ya wanke shi, ga ɗan ruwa kwance a gefensa, ga wani ɗigo na rataye a layin da kai ya haɗu da gangar jiki. Alhaji da kansa ya kalla a fuskar wayar, bai ƙara musu ba.

Bayanin rawar safe ke nan. In an kashe inji da zafi, ruwa na nan da matsinsa, silinda kuwa ba komai a cikinta, ƙarfe na hucewa yana sakin ƙofar. Ruwa ya yi ta tsattsafowa cikin dare. Da safe ya jiƙa fulogi, silinda ta kasa kamawa har sai ta tofar da shi ta salansa. Masu irin wannan mota a Amurka sun daɗe suna kuka da gasket ɗin samfuran farko na wannan inji, na 2003 zuwa 2005, kuma sau da yawa a silinda ta 6 ne. Mai yiwuwa motar ta zo da rauninta tun daga can, tafasar da ta yi ta sha a nan ta ƙarasa shi. Wani abin lura: mataccen murfin nan shi ke rage wa yoyon ƙarfi. Da an sa sabon murfi an tsaya nan, da ruwan da ke shiga silinda ya ƙaru. Ruwa ba ya matsuwa. Ranar da ya taru da yawa aka buga sitata, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Hanyoyi uku aka ajiye a gaban Alhaji. Ya fi son ta farko, a zuba maganin toshe yoyo na kwalba. Wannan kan riƙe na ɗan lokaci, amma yana toshe siraran bututun lagireto, kuma mutumin da ke kwana a dajin Maigatari ba shi ne zai dogara da shi ba. Ta biyu, a sayo inji ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa. Sai dai injin da za a samu sa'an wannan ne a shekaru, ba wanda ya san tarihinsa, wataƙila da irin wannan gasket ɗin a ciki. Tunda matsin silinda ya nuna ringi da bawul na da sauran rai, ta uku ta fi hankali: a buɗe a gyara wanda aka sani.

Kai ɗaya ne ke yoyo, amma biyun aka cire. Kafin a kai ga ko da ɗaya sai an kwance murfin gaba an sauke sarƙar tayimin, kuma wannan shi ne rabin wahalar aikin, ba dalilin biyan ta sau biyu. A gasket ɗin ɓangaren direba an ga inda baƙin shafen da ke jikinsa ya cinye a gefen silinda ta 6. An ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kowane kai aka zura ma'aunin kauri, lanƙwasar ba ta kai milimita 0.10 da aka yarda da ita ba, don haka ba a kai su injin shafewa ba, an dai gwada su da matsi an tabbatar ba tsaga. Wannan sa'a ce. Sabon gasket na asali aka sa, mai falle-fallen ƙarfe, a bushe ba a shafa masa gam ba. An ɗaure kusoshin kai da sifana mai awo bisa jerin da littafin injin ya tsara, daga tsakiya zuwa gefe, sannan aka ƙara juyin kusurwa. Yaran shago sun so su ja da bututu yadda suka saba, Baba ya tsaya a kansu.

Sauran kayan ba su da labari: sabon lagireto da murfinsa, tamostat, kulocin fanka, robar kewayen fanka ta Beljiyam, wata-famfo tunda an riga an buɗe wurin, da ruwan sanyaya inji na Toyota mai ruwan hoda maimakon fiya wata. An canza baƙin mai, an kuma canza man giya domin ya yi duhu yana warin ƙuna.

An koma hanyar da aka yi gwajin farko, da azahar, AC a kunne. A kwalta zafi ya zauna tsakanin 85 da 90. A yashi ya hau zuwa 96, aka ji fanka ta kama da gurnani, ya sauko. Ƙirgen misin sifili ne a silinda shida, da rana da kuma washegari da safe. Bayan mako biyu ruwan robar ajiya na nan a layin da aka yi masa alama.

Abu ɗaya ya rage. Fitilar cek ta dawo daga baya da P0420, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda 'yan gareji ke kira indomi, ta ɓangaren silinda 1, 3 da 5 ta yi rauni. Ɗanyen fetur ɗin da silinda ta 3 ta yi ta turawa lokacin da fitila ke ƙyaftawa ana ci gaba da tafiya, a cikinta yake ƙonewa. An auna an ga ba ta toshe ba, motar na jan ƙarfinta. Wani yaron shago ya ce a fasa ta a sayar, kuɗin ya rage zafin aljihu. Alhaji ya ce a bar ta yadda take, in an gama kakar riɗi zai nemo wata.